Taken Baba Tanko

Na ga ɗayanku ya zo da 'yar lasifika a aljihu, ƙarama kamar gwangwanin tumatir, ya haɗa ta da wayarsa yana jira in kauce ya nuna mini yadda ake yi a zamanance. Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji. Kun fito daga makarantar koyon jinya, an ce ku zo ku ga tsohon da yake kaɗa wa masu ciwon karkarwa kalangu, kun leƙo jiya kun tarar da tsofaffi suna ɗaga ƙafa suna dariya, sai kuka ce ai wannan ba aiki ba ne, biki ne. Ku samu wuri ku zauna. Kafin mutanena su iso akwai sauran lokaci, bari in gaya muku yadda bikin nan ya taɓa karya hannun mutum.

Sunana Haruna, amma a Garwa in ba ka ce Haruna Kalangu ba, babu wanda zai nuna maka gidana. Kiɗa gadonsa na yi. Kakana ya biyo mahauta daga ƙasar Kano da kalangu a kafaɗa, ubana Mamman ya tashi a layin mahauta na kasuwa, ni ma can na buɗe ido. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali. Kowane mahauci da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da in an yi shi kowa ya san da wa ake. Ko mutum yana bayan rumfa yana alwala, ka taɓa takensa sai ka ga ya ɗago kai.

Abu ɗaya ubana ya koya mini da gula, sandar kiɗan nan mai lanƙwasa, kuma ba a fatar kalangu kawai ya koya mini shi ba, har a tsakar kaina. Ya ce makaɗi yaron mai rawa ne. Idonka a kansa. In ya yi zafi ka yi zafi, in ya ƙara ka ƙara, kada ka kuskura ya tsere maka. Kusan shekara arba'in hannuna yana kan wannan tarbiyya. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Sai zamani ya juya mana baya. Masu biki suka koma hayar manyan lasifikoki, samarin mahauta kuwa ka kaɗa musu taken ubansu su dube ka kamar kana sayar da maganin ɓera. Na rataye kalangu, na yi gadi, na yi dako, har bayana ya ƙage aka tura ni ɗakin gashin ƙashi a asibiti.

Ranar ina zaune a benci ina jiran layi, sai ga wani dattijon Bafulatani a bakin ƙofa ya tsaya cak. 'Ya'yansa biyu suna jansa, ƙafafun kamar an liƙa su da ƙasa. Ni kuwa zaman jira ya ishe ni, hannun makaɗi kuma ba ya zama haka kawai, ina ta ƙwanƙwasa bencin da yatsu ba tare da na ma sani ba. Sai na ga dattijo ya ɗaga ƙafar dama ya ajiye daidai da buguna. Na ƙara, ya ɗaga ta hagu. Mamaki ya sa na tsaya, shi ma ya tsaya.

Wata mata mai farar riga ta leƙo daga ciki. Ita ce Madam Odil, mai gashin ƙashi, 'yar Kaele, Fulatanci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa ta kasuwa ce.

"Kai, mai benci! Kar ka tsaya. Buga, amma seese-seese."

Wato a hankali. Na buga a hankali, dattijo ya tako har gaban gadonta da ƙafarsa, 'ya'yansa suna bin bayansa baki buɗe. Da ta gama matse mini bayana sai ta tambaye ni sana'ata. Na ce gadi. Ta ce ƙarya nake. Na ce to, kalangu.

Ita ta fara gaya mini sunan ciwon, Parkinson, in ji likitoci. Ta ce ƙafar mutum lafiyarta ƙalau, mai ba ta umarni ne a cikin kai yake makara. Amma in kunne ya ji bugu daidai, ƙafa takan bi kunne. Ta kuma gaya mini abin da ni ma zan gaya muku tun yanzu don kada ku yi wa kowa alkawarin banza: ba ma warkar da kowa. Magani na likita ne, waraka ta Allah ce. Mu namu shi ne mutum ya tashi daga kujera, ya juya a tsakar gidansa, ya shiga bayi da kansa, ya yi dariya a cikin mutane.

Da furfurata na koma ɗan koyo. Madam tana da wani ɗan akwatin katako mai harshe a tsaye, in ta sake shi sai ya riƙa kaɗawa, tak, tak, tak, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Ta ajiye shi gabana ta ce in bi shi. Ni Haruna, wanda aka yi wa guɗa a bukukuwa daga nan har Bibemi, wai ni ne nake bin bayan katako. Kafin a yi minti biyu na tsere masa. Ta ce a sake. Na sake tsere masa. Sati uku muna wannan, ina komawa gida ina tsaki, matata tana tambaya ko wani ya zage ni ne. Na ce katako ne.

Aikin safe a nan da tsintsiya yake farawa, ba da kalangu ba. Ƙwayar gyaɗa ɗaya a ƙasa ta isa ta kwantar da tsoho wata uku. Tabarma ba ta shiga ɗakin nan, bakinta yana kama yatsa. Silifas a ƙofa ake barinsa, ko dai takalmi mai riƙe dunduniya ko ƙafa haka nan. Kujerun roba na biki masu buɗe ƙafafu mun sallame su tuntuni, waɗannan na katako masu hannu kafinta ya yi mana su daidai tsayin da mutum zai miƙe ba sai an ciccibe shi ba. Layukan da kuke gani a ƙasa ni nake jan su da alli kowace safiya. Mutumin da ƙafarsa ta ƙi tafiya a fili, in ya ga layi sai ya tsallake shi. Kada ku tambaye ni dalili, Madam ta yi mini bayani da Faransanci na ce to.

Kalangun ma ba na biki ba ne yanzu. Na sassauta masa tsirkiya, muryarsa ta yi ƙasa, domin kiɗa mai kaifi firgita su yake, jiki ya ƙara ɓari. Zafin Garwa kuma yana ɗaure fata, sai na ɗan shafa mata ruwa kafin mu fara. Ba a kiɗa sai magani ya kama jiki, shi ya sa bayan gaisuwa tambayar farko ita ce, ƙarfe nawa ka sha? Mu gama kafin rana ta take, kowa ya koma gida da sauran ƙarfinsa.

Kalmar rawa ma ba kowa ake gaya wa ba. An kawo mana wani Alhaji dillalin shanu daga Tinyer, da ya ga kalangu sai ya haɗe rai.

"Ni ban taɓa rawa ba, ko ranar aurena."

"Allah ya kiyaye, Alhaji," in ji ni. "Wa ya ce rawa? Shanu za ka raka mana zuwa wancan bango."

Na ba shi sanda ya gicciya a kafaɗa ya rataya hannaye kamar yadda ya saba tun yana yaro, na sa masa bugun tafiyar garke. Ya raka shanu zuwa bango, ya dawo da su, yana rangaji kamar saurayi. Akwai kuma Mama Aisatu, mai sayar da busasshen kifi daga Maga, wadda hannayenta suka sandare. Muka ba ta faifai babu komai a kai muka ce ta sheƙa mana shinkafa. Ta sheƙa a kan kiɗa har tana mita wai shinkafarmu duk tsakuwa ce. Yau ita ce take fara shiga fili, kuma in ka kira abin da take yi shiƙa sai ta ce kai ne ba ka san rawa ba.

Baba Tanko kuwa ba baƙo ba ne a wurina. Mahauci ne na gaske, kuma a zamaninsa in jajibirin Sallah ya zo shi ne mai hawan ƙaho, ya tunkari bijimi ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya riƙe, kasuwa ta ɗauka da ihu. Ubana ne ya yi masa takensa, kiɗa mai gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Ranar da matarsa Hajiya Ladi ta kawo shi sai da na dube shi sau biyu. Ya ranƙwafa, fuska ba motsi, yatsun hannunsa suna murzawa kamar mai jan carbi alhali babu carbi.

Hajiya Ladi ta ja ni gefe ta ba ni labari. Shekara biyu ke nan bai taka kasuwa ba. Akwai wata 'yar kwata a bakin layin mahauta, wadda ruwan wankin nama yake bi, faɗinta bai kai taku ɗaya ba. Ya tsallake ta sau dubu nawa a rayuwarsa, amma wata safiya ya zo bakinta ƙafa ta ƙi. Masu turin kaya suna yi masa ihu ya ba da hanya, mutane suka taru, wani ya ce an ɗaure shi ne. A ƙarshe ɗaukarsa aka yi kamar buhu aka sa a mota. Tun ranar ya rantse ba zai koma ba sai da ƙafarsa. Ɗansa Bala ne yake riƙe da teburin namansa.

Na durƙusa na gaishe shi. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunne.

"Ɗan Mamman, so nake in tsallake kwatar nan in zauna a bencina. Shi ke nan abin da nake so."

Wata uku muna aiki da bugu na yau da kullum, yana samun ci gaba. Yana miƙewa daga kujera, yana tsallake layukan alli har shida a jere. Amma fuskar nan ba ta taɓa motsawa ba, abin yana damuna. Wata safiya aka kira Madam ɗakin marasa lafiya, ta ce in ci gaba da motsa jikin da ake yi a zaune kafin ta dawo. Na dubi Baba Tanko a kujerarsa, sai zuciya ta ce mini, Haruna, kana da abin da zai faranta wa tsohon nan rai a hammatarka, kana ta yi masa tak-tak ɗin katako. Na matse kalangu na saki takensa.

Wallahi kamar an kunna fitila. Ya ɗago kai, bakinsa ya buɗe, ya miƙe ko hannun kujera bai dafa ba. Sauran suka hau tafi. Ya taka, ya ƙara takawa, takun ya fara sauri. Hannuna kuwa ya yi abin da ubana ya koya masa. Ya yi zafi, na yi zafi. Ya ƙara, na ƙara. Abin da na ɗauka zafin rawa ne ashe ciwon ne. Masu wannan ciwo in jiki ya karkata gaba, ƙafafu sukan shiga bin sa da ƙananan taku, suna ƙara sauri ba sa iya tsayawa. Madam ta gaya mini wannan ya fi sau goma. Kunnena ya ji, hannuna bai ji ba. Baba Tanko ya tafi da gudu ya faɗi kusa da randar ruwa, hannunsa na dama, hannun wuƙa, ya karye daga wuya.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Labari ya zaga gari ya dawo da ƙari. Aka ce Madam ta buɗe gidan bori a asibiti, ana kaɗa wa marasa lafiya har aljani ya buga Tanko da ƙasa. Kun san mutanenmu, kiɗa a kan marar lafiya abu ɗaya yake tuna musu. Iyalai suka janye mutanensu ɗaya bayan ɗaya, har ɗakin nan da yake cika ya koma mutum uku, ciki da Mama Aisatu wadda ta ce in aljani ne ya zo ya same ta. Madam ba ta kore ni ba, kuma da ta kore ni da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai ta miƙo na ba ta gula ta sa a aljihun tebur ta kulle. Na koma shara da jera kujeru da jan layi, akwatin katako yana yin aikina. Kunya ta hana ni bi ta layin mahauta, nama ma sai dai matata ta sayo.

Na je dubiya sau uku. Duk zuwa Bala yana tare ni a zaure.

"Malam Haruna, kiɗan da ka yi mana ya isa. Ka tafi da mutuncinka."

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne ma abin da zan faɗa ya fi haka.

Sai bayan damina ta wuce, hannu ya ɗinke, Hajiya Ladi ta zo da kanta ta same ni ina shara. Ta ce tun faɗuwar Baba Tanko bai ƙara fita ko tsakar gida ba, jikin ya ƙara sandarewa. Na fara ba ta haƙuri ta katse ni.

"Ka bar wannan. Sama da shekara biyu ina jinyar mutumin nan, ranar da ka karya shi ce kaɗai na ga haƙoransa. Ya ce ka zo."

Na je. Bala yana zaure, ya kawar da kai na wuce. Baba Tanko yana zaune a bakin gado, ya dube ni ya yi magana.

"Ɗan Mamman, ka kaɗa wa Tankon da ya hau ƙaho. Wannan ya daɗe da tafiya. Ga wanda ya rage, shi za ka kaɗa wa."

"Baba, taken nan ba ya tafiya a hankali. Haka aka yi shi."

"To koya masa. Ni ma koya mini aka yi."

Na fita daga gidan ina share ido da hannun riga, na nufi wurin Madam. Ta saurare ni har na gama, ta buɗe aljihun tebur ta fito da gula, amma ba ta sakar mini ba sai da ta yi magana.

"Haruna, kai fuska kake kallo. Fuska ta masu biki ce. A nan dunduniya ake kallo. In dunduniya ta daina taɓa ƙasa, ka tsaya, ko da Sarki ne yake rawa."

Rage wa take gudu ya fi koyon sabo wuya. Kalangu magana yake yi, in ka ja maganar da yawa sai ta mutu, ta koma ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi kwanaki a gindin darbejiyar gidana da akwatin katakon Madam a gabana, har na gano dabara. Manyan bugu na bar wa ƙafa, ɗaya dama ɗaya hagu, ba sa motsawa daga inda katako ya ajiye su. Kwalliyar taken kuwa na mayar da ita hammata, ina matse tsirkiya ina saki a tsakanin taku, kiɗan yana kiran sunan Tanko amma ba ya tura shi. Muka kuma ƙirƙiro alamar tsayawa: bugu ɗaya mai nauyi, in ya ji shi ya tsaya, ya buɗe ƙafafu, ya karkata dama, ya karkata hagu, sannan a sake farawa.

A gidansa muka yi aikin, ni da Madam, safiya uku a mako. Hajiya Ladi ta zuba layuka da toka daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Wata rana ta tafi kasuwa ta durƙusa a bakin kwatar nan ta auna faɗinta da gefen mayafinta, mutane suna kallonta, ta dawo ta jera bulo biyu a tsakar gida daidai awon. Baba Tanko ya tsallake bulon nan har kajin gidan suka saba. Wata rana ya yi kyau, wata rana ƙafa ta ƙi sam, mu sha shayi mu tashi. Na lura Bala ya daina fita kasuwa da sassafe a ranakun da muke zuwa, yana zaune a zaure wai yana wasa wuƙaƙe.

Ranar da Madam ta ce ya isa, safiyar Alhamis ce. Ya sha magani a kan lokaci, Hajiya Ladi ta fito masa da babbar riga mai ruwan ƙasa. Madam ta ɗaura masa rawani a ƙugu ta ƙarƙashin rigar, ta riƙe bakinsa ta baya yadda babu mai gani. Mota ta sauke mu nesa kaɗan da layin mahauta. Na shiga gabansa ina tafiya da baya, idona a kan dunduniyarsa, na fara.

Taku goma na farko lafiya lau. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, ba ni kaɗai na san taken nan ba. Wani tsohon mahauci ya ɗago kai daga kan tebur ya kwarma ihu, "Tanko ne! Wallahi Tanko ne da ƙafarsa!" Kafin ka ce me layi ya ɗauka. Masu tafi suna tafi, masu wuƙa suna buga wuƙa da wuƙa, mata masu sayen nama suna guɗa. Kuma duk da gudunsa na da suke yi, domin haka suka san shi. Ba mugunta ba ce, murna ce. Ni kaina na ji hannuna yana ƙaiƙayi, shekara arba'in suna jansa ya bi su.

Na dubi ƙasa. Dunduniyar Baba Tanko ta fara tashi, takun ya fara gajarta. Na yi bugun tsayawa, hayaniya ta haɗiye shi. Na sake, bai ji ba. Madam ta ja rawani, jikinsa yana ci gaba da karkata.

Sai muka ji wani abu ya daki kunne daga cikin layi. Dum. Aka ɗan jima. Dum. Bala ne ya juya gatarin saran ƙashi yana dukan kututturen nama da bayansa, daidai inda manyan buguna suke sauka, ko kuskure babu. Ashe duk watannin nan ba wuƙa kawai yake wasawa a zaure ba.

"Ku bi Malam Haruna!" ya daka musu tsawa. "Seese! Wanda ya yi sauri ya bar layin nan!"

Na kusa da shi ya bi shi, na gaba ma ya bi. Cikin ɗan lokaci layin mahauta gaba ɗaya yana bugu ɗaya, a hankali, kamar ana daka a turmi guda. Dunduniyar Baba Tanko ta koma ƙasa. Ya miƙe ƙirji, ya tako.

A bakin kwata ya tsaya cak. Kasuwa ta yi tsit, har ƙudaje ana ji. Na yi bugu mai nauyi, wannan karon ya ji. Ya buɗe ƙafafu. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya sake karkata dama. Na matse kalangu na kira sunansa a hankali, na ajiye masa bugu ɗaya a wancan gefen. Ya ɗaga ƙafa ya ajiye a kansa.

Ba zan iya ba ku labarin ihun da aka yi ba. Hajiya Ladi ta rufe fuska da mayafin da ta yi awo da shi. Madam tana ta magana da Faransanci ita kaɗai. Ni dai ban ɗaga ido daga ƙasa ba sai da ya kai bencinsa, ya juya da ƙananan taku kamar yadda aka koya masa, ya dafa, ya zauna. Bala ya durƙusa gabansa. Tsohon ya dubi naman da ke kan tebur ya daɗe, sannan ya ce, "Wa ya koya maka yanka haƙarƙari haka?" Layi ya fashe da dariya, Bala yana dariya yana hawaye.

Sai ya yafito ni da hannun da na karya. Na kai kunne.

"Ɗan Mamman, yanzu na zauna. Sake shi."

Na dubi Madam. Ta dubi bencin, ta dubi ƙafafunsa biyu a ƙasa daram, ta ɗaga kafaɗa. Na ja tsirkiya na saki taken Tanko da gudunsa na asali, yadda ubana ya yi shi, wuƙaƙe suka ɗauka, guɗa ta tashi. Baba Tanko yana zaune a bencinsa yana rawa da kafaɗu, haƙoransa duk a waje, ya yi zafi na yi zafi, ya ƙara na ƙara, kuma bai tsere mini ba.

Bayan wannan ya yi ta zuwa kasuwa duk ranar da jiki ya yarda, yana zama yana gyara wa Bala yanka. Mahautan nan da suka ce bori muke, su suka riƙa kawo mana tsofaffinsu.

To, kai mai lasifika, wayarka ta fi ni waƙoƙi, ban musa ba. Ranar da ta koyi kallon dunduniya ka zo in ba ta kujerata. Yanzu dai ajiye ta ka ɗauki tsintsiya, ga muryar Mama Aisatu can a bakin ƙofa.